Tambaya kan ƙarfin ƙwan mace da maitokondiriya: CoQ10 yana gyara ƙwai kuwa?

Ungozoma, Tudun Wada

Assalamu alaikum warahmatullah. Likitocinmu da sauran masana, barkanku da aiki. Ina roƙon a warware mana wata magana da ta yi yawa a bakin mata masu neman haihuwa a nan Kaduna. Mace za ta shigo ta ce an gaya mata ƙwanta ba shi da ƙarfi, maitokondiriyarsa ta yi rauni, sai ta sha CoQ10 na wata uku kafin ciki ya zauna. Wata a WhatsApp ta gani, wata a TikTok, wata kuma mai kemis ɗin layinsu ne ya ɗora ta a kai. Maganin ba shi da araha, wasu har bashi suke ci.

Ga irin matar da nake nufi. Shekararta 37, haihuwarta biyu, ƙaramin ya shekara 6. Ba ta tsarin iyali. Al'adarta ba ta saɓawa, duk kwana 28. Bara ta yi ɓari a wata na biyu, tun daga nan shiru. Ta yi gwajin AMH an rubuta mata 0.9. Maigidan bai yi gwajin komai ba, ya ce ai yana da 'ya'ya.

Mene ne ainihin aikin maitokondiriya a cikin ƙwai? AMH ɗin nan shi ne ke nuna ƙwai ya yi rauni? CoQ10 yana da amfani da gaske, kuma nawa ake sha? Sannan irin wannan matar da me ya kamata ta fara? Allah ya saka da alheri.

Likitan mata, Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Sista, sannu da ƙoƙari. Maganar maitokondiriya gaskiya ce, ba ƙirƙirar 'yan kasuwa ba ce. Abin da 'yan kasuwa suka ƙara shi ne cewa ana gyara ta da kwalbar magani.

Maitokondiriya wasu ƙananan sassa ne a cikin ƙwayar halitta, su ne janaretonta: suna haɗa abin da aka ci da iskar oksijin su samar da makamashin da ake kira ATP. Babu ƙwayar halitta a jikin ɗan Adam da ta kai ƙwan mace yawansu. Ƙwan da ya nuna yana ɗauke da sama da 100,000, alhali maniyyi guda bai kai 100 ba, kuma nasa ma ƙwan yana narkar da su bayan sun haɗu. Shi ya sa kowa, mace da namiji, daga mahaifiyarsa ya gaji maitokondiriyarsa. Suna da nasu DNA daban, mai ƙwayoyin gado 37.

Ƙwai yana buƙatar wannan makamashi a wurare uku. Na farko, lokacin nuna. Ƙwan yana ajiye da kuromosom 46, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, kuma dole ya zubar da rabi ya rage 23, don maniyyi ya kawo nasa 23 a cike. Cikin awa 36 da ke tsakanin tashin LH, sinadarin da ke sa ƙwai ya fita, da fitar ƙwan, wasu siraran zare suke jeruwa su kama kuromosom ɗin su raba su gida biyu. Idan makamashi ya gaza, zaren ba ya jeruwa daidai, sai ƙwai ya fito da 22 ko 24. Irin wannan ƙwan ko dai ciki ba zai shiga ba, ko ya shiga ya zube. Wajen rabin ɓarin watannin farko daga kuskuren kuromosom yake, ba daga ɗaukar bokitin ruwa ko hawa Keke Napep ba, kuma ya kamata mata su san haka su daina zargin kansu. Na biyu, lokacin da maniyyi ya shiga, ƙwai yana buƙatar makamashi ya farka ya rufe ƙofa kada wani maniyyin ya biyo. Na uku, kwanakin farko: ɗan tayin ba ya ƙera sabuwar maitokondiriya sai wajen lokacin da zai manne a mahaifa. Abin da uwa ta zuba a ƙwan shi ake ta rabawa, ƙwaya biyu, huɗu, takwas, har sama da ɗari. Idan guzurin ya yi kaɗan ko ya lalace, sai girma ya tsaya a hanya.

To me ke lalata su? Babba shi ne shekaru. Mace ba ta ƙera sabon ƙwai. Tana cikin mahaifiyarta a mako na 20 take da mafi yawa, miliyan 6 zuwa 7. Ranar da aka haife ta saura miliyan 1 zuwa 2, lokacin balaga 300,000 zuwa 400,000, kuma waɗanda za su nuna su fita a duk rayuwarta 400 zuwa 500 ne kawai. Ƙwan da matarki za ta fitar a watan nan shi ma shekararsa 37. Daga 35 ingancin yake fara sauka a fili, bayan 40 kuma sama da rabin 'yan tayin da ake gwadawa suna da kuskuren kuromosom. Ɓari ma haka yake bi: wajen ciki 1 cikin 10 a shekara 25 zuwa 29, wajen 1 cikin 3 a shekara 40 zuwa 44.

AMH kuma yawa yake aunawa, ba inganci ba. Ƙananan jakunkunan ƙwai da suka fara tasowa su ne ke fitar da shi, don haka yana gaya mana kusan nawa suka rage a ma'ajiya da yadda mace za ta amsa allurar IVF, wato aikin haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Ki fara duba ma'aunin da ke jikin takardar, domin dakunan gwajin garin nan ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Idan ng/ml ne, 0.9 ya yi ƙasa amma ba ƙasa can ba. Idan pmol/L ne, magana ta canza sosai, don 1 ng/ml daidai yake da wajen 7.1 pmol/L. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2017 kan mata 'yan shekara 30 zuwa 44 da ba su da tarihin rashin haihuwa ya nuna masu ƙarancin AMH sun samu ciki kusan daidai da masu AMH mai kyau. Mace ƙwai ɗaya take buƙata a wata. 'Yar shekara 28 mai AMH 0.9 ta fi 'yar 41 mai AMH 3 damar samun lafiyayyen ƙwai. Babu wani gwajin jini ko sikanin da ke auna lafiyar maitokondiriyar ƙwan da ke cikin jiki. Wanda ya ce ya auna, bai auna ba.

Abin da ya fi damuna da matar nan ba ƙwanta ba ne. Macen da ta haihu, ta yi ɓari, sannan haihuwa ta tsaya, a ƙasarmu abin da ake fara zargi shi ne toshewar bututun mahaifa. Ciwon sanyin da ba a magance da kyau ba, zazzaɓin jego, wankin ciki bayan ɓari a wurin da ba tsabta, duk suna barin tabo a bututu. Idan bututu a toshe yake, ko ƙwai ya fi na kowa kyau ba zai haɗu da maniyyi ba. Sai maigida. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, kuma 'ya'yan da ya haifa shekara 6 baya ba shaida ba ne a kan maniyyinsa na yau. Ciwon suga, ƙiba, ciwon sanyi, taba, tiramadol, duk suna canza shi. Gwajinsa ya fi kowanne sauƙi da araha, shi ya kamata a fara.

Masaniyar ɗakin ƙwai na IVF, Malali

Dakta ya yi bayani mai kyau, sai dai ina so in rage wa maitokondiriya laifi kaɗan, don kada a ɗauka ita kaɗai ce. Akwai wani furotin da ake kira kohesin, shi ke riƙe kuromosom a manne da juna tun ƙwan yana cikin 'yar tayi. Sau ɗaya ake ɗora shi, ba a sabunta shi, yana ta sakin jiki da shekaru. Idan ya saki, ko makamashi ya cika fal kuromosom za su rabu ba daidai ba. Wannan babu abinci ko ƙwayar maganin da aka tabbatar tana mayar da shi. Nan ne iyakar duk wani abin da ake sha, kuma shi ya sa 'yar 42 ba za ta koma 'yar 30 ba.

Ga yadda abin yake a ƙarƙashin madubi. Ranar da aka ciro ƙwai, ana duba wanda ya nuna ta hanyar wani ɗan ƙullutu da ke maƙale a gefensa, wato rabin kuromosom ɗin da ya zubar. Wanda bai fitar da shi ba bai nuna ba, ba a yi masa allurar maniyyi. Bayan awa 16 zuwa 18 a sake dubawa: idan an ga 'yan da'ira biyu a tsakiya, na uwa da na uba, an samu haɗuwa. Kwana na 3 ana son ganin ƙwaya 6 zuwa 8 masu girma ɗaya. Kwana na 5 ya zama ƙwallo mai ruwa a ciki. Har zuwa kwana na 3 ɗin nan da kayan ƙwai kawai ɗan tayi yake tafiya, ƙwayoyin gadonsa ba su karɓi ragama ba tukuna. Saboda haka idan aka ga girma yana jan ƙafa tun kwana na 2, ƙwayoyin sun farfashe sun yi ɓurɓushi, ƙwai ake fara zargi. Idan komai ya tafi lafiya har kwana na 3 sannan ya tsaya, a nan ake ƙara duba ɓangaren maniyyi, ko da yake ƙwan bai fita zargi ba. Kuma ko ga matasa, cikin ƙwai goma da suka haɗu, uku zuwa biyar ne suka saba kai wa kwana na 5. Wannan ba gazawar mace ba ce, haka halittar take.

Akwai abin da ke burge ni game da yadda Allah ya tsare ƙwan. Duk lokacin da maitokondiriya take aiki tana fitar da wasu ɓurɓushin oksijin masu cin jikin ƙwayar halitta. A 2022 masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifaniya suka gano cewa ƙwan da ke kwance a ma'ajiya yana kashe matakin farko na aikin maitokondiriya, wanda shi ya fi fitar da ɓurɓushin, don ya iya jiran shekara arba'in ba tare da ya ƙone kansa ba. Sai ya farka zai girma ne aikin ke tashi, maitokondiriyar ta yi ta ninkuwa. Zangon ƙarshe na wannan girma wajen wata uku ne, daga nan maganar “wata uku” ta samo asali. Abin da mace ta gyara yau, ƙwan da zai fita bayan kwana 90 shi zai amfana.

Ga wadda za ta kai ga IVF, a nan ko Abuja ko Kano, ƙwai ba ya haƙuri da sauyin yanayi. Zafin digiri 37 yake so cur. Idan ya yi sanyi na 'yan mintoci zaren nan da ke riƙe kuromosom yana warwarewa, kuma ba kullum yake komawa daidai ba. Iskar da muke shaƙa oksijin ɗinta kashi 21 ne, amma ɗan tayi ya fi son wajen kashi 5. Ma'aurata su yi tambaya kafin su biya: idan an ɗauke wuta me ke riƙe na'urar renon ƙwai kafin janareto ya tashi? Kuna rage oksijin? Mata masu shekarun matata nawa cikin ɗari suka haihu a hannunku, ba waɗanda gwaji ya nuna ciki ba? Asibitin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Idan kuma aka yi muku tayin ƙarin kuɗi don a ƙirga DNA ɗin maitokondiriyar ɗan tayi a zaɓi mai kyau, ko a yi wa ma'ajiyar ƙwai allurar ruwan jininki don ta farfaɗo, ku riƙe kuɗinku. Ba a tabbatar da ɗayansu yana ƙara haihuwa ba. An ma taɓa gwada ɗebo maitokondiriya daga ma'ajiyar ƙwan mace a zuba a ƙwanta. Gwajin da aka yi a Sifaniya, aka buga a 2019, bai nuna wani amfani ba.

Mai harhaɗa magunguna, Barnawa

Sista, bari in ɗauki ɓangaren kwalba, tunda mu ake zuwa wa.

CoQ10 ba baƙon abu ba ne, jiki yana yin nasa, kuma a cikin maitokondiriya yake aiki, yana miƙa makamashi daga mataki zuwa mataki. Yana raguwa da shekaru. Abin da ya tayar da kasuwarsa bincike ne na 2015 a Toronto ta Kanada: an bai wa tsofaffin ɓeraye, ƙwansu ya gyaru. A mata kuwa, gwajin da aka fi ambata na ƙasar Sin ne a 2018, mata ƙasa da 200, duka 'yan ƙasa da shekara 35 masu ƙarancin ƙwai. Sun sha 200 mg sau uku a rana na kwana 60 kafin IVF. An samu ƙarin ƙwai da 'yan tayi masu kyan gani, amma a yawan jariran da aka haifa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Ki lura da abu biyu: matasa ne, kuma masu IVF ne. Ga 'yar 37 mai neman ciki a gida, babu ƙwaƙƙwarar shaida. Ra'ayina, ba shi da wata cutarwa ga yawancin mata, mai hali ta sha, amma haramun ne a wurina mace ta kashe kuɗin hoton bututu a kansa.

Ki yi mata lissafi a gabanta. 600 mg a rana na kwana 60 ya kama 36,000 mg, wato ƙwaya 360 ta 100 mg. Kwalba mai ƙwaya 30 kwana 5 za ta yi. Yawancin mata guda ɗaya suke sha a rana, wasu ma mai 30 mg, suna zaton suna kan abin da aka gwada. Likitoci sukan rubuta tsakanin 200 da 600 mg. A raba shi biyu ko uku, a sha a tsakiyar abinci mai maiƙo, don a mai yake narkewa. Idan aka sha da ruwa kawai ciki ba komai, kaɗan ne ke shiga jini. Kada a sha da dare, yana hana wasu barci. Yakan kawo tashin zuciya, ƙwannafi ko gudawa. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada ta taɓa shi sai da izinin likitanta, yana rage masa ƙarfi. Mai maganin hawan jini ko na suga ta riƙa aunawa. Da zarar gwaji ya nuna ciki a dakata. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kada a sayi wanda ya sha rana a faranti a bakin kasuwa. Zafin watan Maris da Afrilu a garin nan yana sa ƙwayoyin su yi laushi su manne da juna.

Wanda ba a jayayya a kansa, kuma ya fi kowanne araha, shi ne folik asid: 400 mikrogiram kullum, daga wata uku kafin ciki zuwa mako na 12. Ba ƙwai yake gyarawa ba, laka da ƙwaƙwalwar jariri yake karewa. Mai ciwon suga, mai sikila, mai shan maganin farfaɗiya, da wadda ta taɓa haifar jariri mai buɗaɗɗen baya, 5 mg za a ba su.

Abubuwa uku nake roƙon a hana mata. DHEA: sinadarin maza ne, yana kawo ƙurajen fuska, gashin haɓa da kaurin murya, kuma amfaninsa bai tabbata ba. Sai Clomid ba tare da likita ba. Aikinsa sa ƙwai ya fita ga wadda nata ba ya fita. Matar da al'adarta ke zuwa duk kwana 28 ƙwanta yana fita, ba abin da zai ƙara wa ingancinsa, sai ma ya sirantar da shimfiɗar mahaifa ya busar da ruwan da maniyyi ke bi. Ko da likita ba a wuce zagaye 6. Na uku, tara magungunan ƙarin jini kala uku ko huɗu lokaci guda. Da yawansu akwai bitamin A a ciki, idan ya haura 10,000 IU a rana yana iya nakasa jariri a makonnin farko, tun mace ba ta san tana da ciki ba.

Ungozoma, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na sake duba takardar, ng/ml ne. Saura abu biyu, Dakta. Ban da shekaru, mene ne a hannun mace da za ta iya gyarawa cikin wata ukun nan? Sannan mata suna yawan tambaya kan labarin jariran Ingila da aka ce an canza wa iyayensu maitokondiriya, ko za a iya yi wa wadda ƙwanta ya tsufa.

Likitan mata, Unguwar Rimi

Bari in fara da na Ingila. A 2015 majalisarsu ta halatta aikin, kuma a watan Yulin 2025 likitocin Newcastle suka bayyana cewa an haifi jarirai 8 ta wannan hanya. Ana ɗauke kuromosom ɗin uwa da uba a saka su cikin ƙwan wata mata da aka cire nata, sai jaririn ya tashi da maitokondiriyar waccan matar. Amma an yi shi ne don iyalan da ke da mummunar cutar gado ta maitokondiriya, mai kashe yara, kuma dokarsu ba ta yarda a yi shi don tsufan ƙwai ba. A Girka an gwada shi kan ma'aurata 25 da IVF ya ƙi yi musu, aka samu jarirai 6, sai dai matan duk ba su kai 40 ba. Kuma kamar yadda 'yar'uwata ta ɗakin ƙwai ta nuna, idan kuromosom sun riga sun rabu ba daidai ba, sauya musu gida ba ya gyara lissafin. Ga Musulmi akwai ƙarin magana: malaman Sunna sun halatta IVF tsakanin miji da matarsa a cikin igiyar aure, ba su halatta ƙwai ko maniyyin wani ba, wannan aikin kuwa sai da ƙwan wata.

Abin da ke hannunta kuma, hayaƙi ne a gaba. Taba tana kashe ƙwai kai tsaye, mai shanta takan daina al'ada shekara 1 zuwa 4 kafin sa'o'inta. Shisha ba ta fi sauƙi ba, haka zama a ɗaki ɗaya da mai busawa. Hayaƙin itace da na gawayi suna da irin sinadaran, don haka a yi girki a fili ko a buɗe tagar madafa. Sai suga da ƙiba, waɗanda ke sa maitokondiriyar ƙwai aikin da ya fi ƙarfinta. Mai ciwon suga ta nemi HbA1c ɗinta, wato gwajin matsakaicin sukarin jini, ya sauka ƙasa da 6.5 kafin ciki. Mai ƙiba rage kashi 5 zuwa 10 na nauyinta ya isa a ga canji, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, a hankali, ba da shayin rage ƙiba ba. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako. A rage lemon kwalba da sukarin shayi da na kunu, a ƙara wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi, zogale da alayyafo. A auna jini, don maitokondiriya ba ta aiki sai da sinadarin ƙarfe, kuma ƙarancin jini ya yi wa matanmu yawa. A bar man bilicin, wasunsu akwai sinadarin makuri mai guba a ciki, da kwallin dutse mai dalma, da fesa maganin ƙwari a ɗaki a kwana ciki. Goro da kofi a rage. Kayan matsi da duk abin da ake cusawa a gaba a daina gaba ɗaya, hanyar ciwon sanyi ce.

Kuskuren shi ne a ce sai an gama wata uku sannan a je asibiti. 'Yar ƙasa da 35 tana iya jiran shekara guda, 'yar 35 zuwa sama wata 6, 'yar 40 ba ta jira ko kaɗan. Matarki ta riga ta wuce wa'adi, don haka gyaran da gwajin tare za su tafi, kuma zagayen al'ada ɗaya ya isa a gama binciken. Ki tura su asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sashen mata, su je tare.

Ranar da jinin al'ada ya fara zuba sosai ita ce kwana na 1. Kwana na 2 zuwa 4 a ɗauki jinin FSH da estradiyol, a haɗa da TSH da purolaktin da sukarin jini, a yi sikanin ta gaba a ƙirga ƙananan jakunkunan ƙwai a duba ko akwai ƙari a mahaifa. Ƙasa da 5 zuwa 7 a ɓangarorin biyu ya yi kaɗan. Kwana na 7 zuwa 10 a yi hoton HSG, wato hoton bututun mahaifa, bayan jini ya ɗauke, kuma ba a kusanci juna tun farkon al'adar ba. Idan akwai alamar ciwon sanyi a magance shi tukuna, in ba haka ba ruwan hoton zai tura shi ciki. Kwana na 21 a auna furojestaron, 30 nmol/L zuwa sama yana nuna ƙwai ya fita. Maigida ya ƙaurace kwana 2 zuwa 7, ya kai maniyyin cikin awa guda, kwalbar a aljihu kusa da jiki. Ana neman aƙalla miliyan 16 a kowace ml, kashi 30 masu tafiya gaba, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Idan ya fito ba kyau a maimaita bayan wata uku, don sabon maniyyi wajen kwana 74 yake ɗauka.

Idan bututu a buɗe yake kuma maniyyi lafiya, su riƙa saduwa duk bayan kwana 2 ko 3, musamman daga kwana na 9 zuwa na 15, tunda ƙwai awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa, maniyyi kuwa yana iya jiransa har kwana 5. A ba su wata 3 zuwa 6, ba fiye ba, sannan a zauna maganar IUI, wato zuba maniyyi kai tsaye cikin mahaifa, ko IVF. Idan bututun biyu a toshe suke, ko maniyyin ya yi ƙasa sosai, IVF kai tsaye, kuma a nan ne CoQ10 na kwana 60 yake da ɗan gurbi, a sha shi lokacin da ake shirya kuɗi da sauran gwaje-gwaje, ba a ɗage ranar farawa saboda shi ba.